Haƙora Huɗu a Jikin Harafi

Shekaranjiya da hantsi na bi ta bayan tashar Anka da goyo a bayana, sai na ga samari uku sun fasa tsohon batirin mota da gatari. Sun ciro dalmar da ke ciki suna narkawa a gwangwanin madara, taku biyu daga inda wata ke suyar ƙosai. Na tsaya na tambaye su abin da suke yi. Ɗayansu ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Harafin mota na, Hajiya. Ba wuya. Narka, zuba, manna, amshi kuɗinka."

Narka, zuba, manna. Tun ranar maganar nan take tafasa a cikina. Shi ya sa na yago takarda daga littafin makarantar ɗiyata na zauna. Aji uku na tsaya a firamare, amma shekarata goma sha biyar ina yin haruffan da ake kafawa a goshin mota da bayanta, kuma akwai abin da na sani wanda ku ba ku sani ba. Ku karanta, ko ku ba wani ya karanta muku.

Ubana maƙerin fari ne a Gummi. Tukunya da ludayi da cokali yake zubawa da sanholo, farin ƙarfen nan maras nauyi. Aikin harafi daga baya ya same shi, lokacin da tsofaffin motocin nan masu zaki a goshi suka fara zubar da sunayensu a kan hanya, harafi ɗaya a ramin nan, ɗaya a ramin can, shagunan Gusau kuma suka daina kawo irinsu. Yayyena maza biyu suka ce hayaƙi ya ishe su, suka tafi haƙar zinari. Sai Baba ya shigo cikin gida da magagari ya ajiye a gabana. Ina da shekara goma. Inna ta yi ta faɗa, wai ɗiya mace da kayan ƙira. Baba ya ce, "Ba wuta za ta hura ba. Ido gare ta." Wata huɗu ina gogar gindin cokali kafin ya bar ni in taɓa harafi.

Harafina na fari na wani direban Sakkwato ne, wanda ke kama da mashacin kai mai haƙora uku. Kwana biyu ina gogarsa. Na daidaita haƙoran nan uku tsaf, ba wanda ya fi wani tsawo, ya yi ƙyalli har ina ganin hancina a ciki. Baba ya riƙe shi nesa da fuska, ya dube shi, ya jefa shi cikin kaskon narki a gabana. Na fashe da kuka. Ya ɗauko tsohon harafin, na asali, ya sa mini a hannu. Ya ce, "Duba na tsakiya." Na duba. Ya ɗan fi sauran gajarta, da kamar kaurin farce. Ya ce, "Wanda ya zana wanga abu ba mahaukaci ba na, Luba. Kin gyara mishi aikin da bai ɓace ba."

Daga nan na fara kallon haruffa da gaske. Mai kama da zobe kullum ya ɗan fi 'yan'uwansa tsawo, sama da ƙasa, don in ka yi shi daidai da su ido zai gan shi ƙarami. Mai ƙafa biyu a buɗe, in ya zo kusa da mai tsaye, sai an matso da su, in ba haka ba sunan ya yi giɓi kamar bakin tsoho. Ba a auna tazarar harafi da zare. Ana ja da baya taku goma a duba. Ku da kuke manna naku da gam a tsaye a kan mota, hancinku na taɓa fenti, yaushe za ku gani?

Wata farar mota daga Bukkuyum aka taɓa kawowa da haruffa biyu kacal a bayanta, biyar sun faɗi, ba kuma wata irinta a kusa da za a ara. A nan Baba ya nuna mini inuwa. Duk inda harafi ya shekara ashirin a zaune, rana ba ta ci fentin da ke ƙarƙashinsa ba. In ka jiƙa wurin da ruwa ka kalle shi ta gefe da safe, za ka ga surar harafin kwance a fenti. Na ɗora takardar buhun siminti mai laushi na bi inuwar da gawayi. Sannan na sassaƙa kowanne a ɓallin ƙwarya mai kauri. Ƙwarya, ba katako ba, don bayan mota ba shimfiɗaɗɗe ba ne, yana da ɗan doro, ƙwarya kuma da doronta ta zo duniya. Harafin da aka yi da katako, tsakiyarsa za ta zauna, gefensa ya ɗaga, ruwa ya shiga, tsatsa ta ci motar mutum.

Akwai kuma ƙanƙancewa. Sanholo in ya huce yakan tsuke. In ka danna harafi a rairayi ka zuba, abin da zai fito ya fi uwarsa ƙanƙanta, ƙafafun da ke bayansa ba za su shiga ramukan da ke jikin motar ba. Sai ka ga maras sani ya ɗauko ƙusa yana huda sabon rami a motar da ta girme shi. Mu kakin zuma muke shafa wa samfurin, siriri, sau biyu, ya ƙara masa jiki kafin a danna. Rairayin kuma na rafi ne, a tankaɗe shi sau uku kamar garin tuwon biki, a jiƙa shi yadda in ka dunƙula zai tsaya amma ba zai jiƙa maka tafi ba. Sanholon gwangwanin lemo ba ya yi, kumfa gare shi. Na tsohon fistin injin mota ake nema.

Masu motoci kuwa kowa da halinsa. Akwai wani malami mai almajirai da yawa da ya ce a cire masa zakin goshi, ba ya son hoton mai rai a gabansa in yana tafiya. Muka yi masa fili mai santsi a madadinsa. Bayan sati biyu ya aiko a mayar, wai mutane sun daina gane motarsa, ba a tsayawa a gaishe shi. Ba mu yi dariya ba sai da ɗan aiken ya fita.

Da aka yi mini aure, wanda ya koyi zubi a hannun Baba aka ba ni, muka dawo Anka. Yana da rumfa kusa da tasha. Aikin wuta nasa, samfuri da guga nawa. Ya zuba a rumfa, ya kawo mini cikin gida a tsumma, in zauna a tabarma in goge da magagari, in bi da samfefa, in ƙare da toka da tsumma. Ba mu taɓa samun saɓani a kan aiki ba sai a shekarar da zan ba ku labarinta.

A lokacin, shekara biyu ke nan da aka gane abin da ke kashe yara a ƙauyukanmu. Kowa a Anka ya san sunansa: gubar dalma. Dutsen zinarin da ake niƙawa cikin gidaje ne ke ɗauke da ita. Yayata tana aure a Bagega, ta binne biyu. Na je gaisuwa a Abare na ga ana kankare ƙasar tsakar gida ana kwashewa a buhuna, ana zuba sabuwa. Ba labari aka ba ni ba. A shekarar kuma aikinmu ya mutu. Direbobi suka koma haruffan roba masu gam, waɗanda rana ke lanƙwasawa cikin wata uku. Tsohon fistin ya yi wuya, don masu injin niƙan dutse sun saye duk wani tsohon inji. Sai mu yi sati uku ba a hura wuta ba. Ni kuma ina da ɗiya 'yar wata goma sha ɗaya, ta fari, tana rarrafe, haƙora na fito mata.

Sai ga wani Alhaji mai sayar da hatsi daga Adabka. Motar mahaifinsa ce, marigayi, ta shekara tara a rumfa kaji na ƙwai a kujerar baya. Ya sa an tayar da injin, an yi fenti, saura suna. Haruffa bakwai a baya, ɗaya kaɗai ya rage na asali. Na yi samfuri shida, maigidana ya zuba, na goge. Aikin ya yi kyau, ba yabon kai ba. Alhaji ya zo, bai ɗora su a mota ba, bai ja da baya ya duba ba. Ya ɗauki na asali a hannun dama, namu a hagu, yana ɗaga su kamar mai awon goro. Ya ce, "Wanga na cokali na. Na tsohona nauyi gare shi. In ba ku iya ba ku hwaɗi, in kai Gusau."

Gaskiyarsa ta wannan fuskar. Na asali wani ƙarfe ne da ba mu da shi, ya fi sanholo nauyi. Amma wa ke ɗaga harafi bayan an kafa shi?

Kwana uku bayan haka maigidana ya shigo da sababbi shida a tsumma. Da na ɗauka na ji hannuna ya yi ƙasa. Na ce, "Malam, mi ka sa a ciki?" Ya ce, "Sanholo na, na ƙara mishi kuza." Na sa magagari. Ya shige kamar ana yankan sabulu. Haƙoran magagarin suka toshe, sai na tsaya na sa tsinke na share. Garin da ke zuba ba fari mai walƙiya ba ne irin wanda na sani, toka-toka ne, yana manne wa yatsa. Na sake tambaya da ya dawo cin tuwo. Ya ce, "Ke, wai ni da ke wa ke tsaye gaban wuta?" Na ci gaba da guga. Zan faɗa muku gaskiya don kada ku ce na wanke kaina: hannuna ya gaya mini tun ranar fari, na ƙi saurare, don masarar da ke cikin buhu ta kusa ƙarewa.

Kwana tara ina gogar abin nan a ɗaka, a tabarmar da ɗiyata ke rarrafe. Ga haruffa shida, ga lambobi uku da Alhaji ya ƙaro, ga zaki. In na tashi sai in karkaɗe zanena a nan. Da hannun nan nake gutsura mata tuwo.

Ranar ta goma, Laraba ce, da walaha na fita kwashe shanya. Na dawo na same ta zaune ta riƙe harafin nan mai kama da zobe da hannu biyu, kamar an yi shi don ita, tana gurgura, miyau har wuya. Na karɓe, tana kuka. Na goge miyan da gefen zane don in mayar cikin sauran. Sai babban yatsana ya ji wani abu. Na fita da shi rana. Rami huɗu ƙanana, biyu sama, biyu ƙasa.

Ku saurara, ku masu narka-zuba-manna. Na ga yara sun ciji cokalin sanholo sau ɗari. Haƙorin jariri ba ya shiga sanholo. Ko na babba ba ya shiga. Na ɗauko takarda na goga gefen harafin a kai. Ya ja baƙin layi kamar fensir.

Ban ɗauki mayafi mai kyau ba, wanda hannuna ya taɓa na yafa. Na saɓa ta a baya, na ƙulle haruffan a tsumma, na fita ba tare da na nemi izinin kowa ba. Tunda aka kawo ni Anka ban taɓa taka rumfar maigidana ba. Na same shi da Alhaji da direbobi huɗu zaune a benci, motar na tsaye an wanke ta, ana jiran suna. Na zazzage tsumman a ƙasa a gabansu.

Maigidana ya miƙe. "Luba, lafiya? Mi ya fito da ke?"

Na ce, "Dalma ta."

"Koma gida, mu yi magana."

"Dalma ta ko ba dalma ba ta? Hwaɗi gaban mutane."

Ya dubi ƙasa. Bayan rumfar na hango ɓawon batir biyu a fashe, an rufa musu buhu.

A wurinmu mace ba ta kama sunan ɗanta na fari. Ko a ɗaka "ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Ranar, a tsakiyar tasha, na kwance goyo na ɗaga ta na ce, "Nafisa ta ci! Nafisa! Ga haƙoranta nan!" Direbobin suka sunkuyar da kai, ban sani ba ko don dalmar ko don sunan.

Alhaji ya yi gyaran murya. Ya ce, "Haba, ɗiyata, ɗan wanga abu? Mu da munka tashi muna wasa da dalmar homar kamun kifi a bakin gulbi, ga mu da ranmu."

Na ɗauki zoben na miƙa masa. Na ce, "To, Baba Alhaji, kai mishi jikanka shi gurgura. Nauyi ka so, ga nauyi."

Bai karɓa ba. Wani direba ɗan Gummi da ya san Baba ya tayar da babur ya ce in hau. Shi ya kai mu asibiti.

Aka ɗebi jininta. Ta yi kuka har ta shiɗe. Aka tambaye ni ko ana niƙan dutse a gidanmu, na ce a'a, na fito da harafin na nuna. Ma'aikaciyar ta juya shi, ta kira wata, su biyu suka tsaya suna kallon ramukan. Da sakamako ya fito suka ce akwai dalma a jininta. Ba ta kai ta yaran Bagega ba, ba sai an kwantar da ita ba, amma akwai. Suka ce in riƙa kawo ta ana dubawa. Suka ce a fitar da tabarmar, a kankare daɓen ɗakin, a wanke komai da ruwa ba shara ba, kayan aikin maigida kuma kada su ƙara shiga gida.

Maigidana ne ya kankare daɓen da hannunsa, da fartanya, yini biyu. Ya kai ƙasar inda suka ce a kai. Da ya gama ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Na ɗauka in an goge an kafa shi ke nan, ai a waje zai zauna, jikin mota." Na ce, "Wa ke gogewa? A ina?" Ba mugu ba ne. Wuta ya sani, bai taɓa zama ya ga inda garin guga ke sauka ba. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan har yau: mutum bai yi nufin komai ba, amma ga abin da ya faru.

Baba ya zo daga Gummi a motar kasuwa da ya ji. Bai shiga rumfar surukinsa ba. Ya zauna a zaure ya ce a kawo masa kaskon da aka narka dalmar a ciki. Ya sa guduma ya fasa shi, don kaskon da ya sha dalma ba ya komawa na sanholo, kuma a irinsa ake zuba cokalin da mutane ke ci da shi. Sannan ya buɗe jakarsa ya fito da tsofaffin fistin biyu.

Alhaji ya dawo bayan sati biyu, an ce ya je Gusau bai samu ba. Na aika masa daga cikin gida cewa sanholo za a yi, kuma ba za a sa masa a hannu ba. Sai an kafa, ya ja da baya taku goma. In bai yi masa ba a cire, ya tafi da motarsa. Aka kafa na farkon nan shida da ya raina, da na asali a tsakiyarsu. Maigidana ya ce Alhaji ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya wanne ne na tsohonsa a ciki. Ba wanda ya nuna masa. Motar tana nan tana zuwa kasuwa, nakan gan ta.

Yanzu ba na guga a ɗaka. Ina da 'yar rumfa a bayan gida mai ƙyaure, da rigar aiki da ba ta ƙetare ƙofar, da bokitin ruwa da sabulu. Duk ƙarfen da aka kawo mini, ko daga hannun wa ya fito, sai na goga shi a takarda kafin magagari ya taɓa shi. Ko maigidana ne ya miƙo. Ya daina jin haushi.

Nafisa tana da shekara bakwai. Jinin ya sauka tun tuni, sun sallame mu. Ba ta yi magana ba sai da ta kusa uku. A makaranta, abin da ƙawayenta suka riƙe yau ita sai jibi, wani lokaci kuma in na kira ta sai na kira sau uku. Na tambayi likita ko dalmar ce. Ya ce ba zai iya cewa ita ce ba, ba zai iya cewa ba ita ba ce, akwai yaran da haka Allah Ya yi su. Da wannan amsar nake zaune. Duk ranar da ta dawo da littafi an ja mata jan biro, sai in ƙirga kwana taran nan daga farko.

To, ku samarin bayan tasha. Ban ce kada ku nemi abinci ba. Amma na ga gwangwaninku, na ga inda hayaƙinsa ke bi, na kuma san a gida kuke gogewa, don na ga garin a ƙafar wandon ɗayanku. Gidan da akwai ƙannenku, da na goye, da kwanon da uwarku ta kife a ƙasa. In sana'ar kuke so, ku zo. Zan nuna muku inuwa a fenti, da ƙwarya, da kakin zuma, ba zan ɓoye komai ba. Za ku goge gindin cokali wata huɗu kamar yadda na goge.

Amma kafin nan akwai gwangwani a saman katangar rumfata, inda hannun yaro ba ya kaiwa. A ciki akwai zobe ɗaya naɗe a leda, shi kaɗai na hana a tafi da shi. Zan sa wa kowannenku a tafin hannu, ya bi gefensa da babban yatsa har ya ji ramukan. Biyu sama, biyu ƙasa. Wanda ya ji su, ya ɗago ya dube ni ya sake cewa ba wuya.